Yadda Ake Zaɓen Abin Tuƙa Kwale-kwale

Ƙasar Gezawa ƙasar noma ce. Gona na jikin gona, gida na jikin gida. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne abin da aka fi sani. Amma idan kaka ta wuce, aka kai amfani gida, ba kowa ne yake zama ba. Waɗansu sukan koma lambu. Waɗansu su tafi cin rani. Waɗansu kuma su nufi bakin ruwa neman kifi.

Babban ruwan da ya fi kusa da mutanen Gezawa shi ne dam ɗin Jakara da ke Wasai, a ƙaramar hukumar Minjibir. An gina shi a shekarar 1976. Akwai waɗansu manyan ruwaye a jihar Kano, kamar Tiga da aka gama a 1974, da Challawa ta wajen Ƙaraye da aka gama a 1992, da Watari a Bagwai, da Tomas ta wajen Ɗambatta. A dukkan wuraren nan akwai masu su, akwai masu fito, akwai kuma masu kai kayan lambu daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Injin jirgi yana da tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ma ya zama wani nauyi na dabam. Saboda haka yawancin masu ƙananan jirage da ƙarfin jikinsu suke tuƙi. Wanda kuwa jikinsa ne injinsa, dole ya san abin da zai riƙe a hannu. Abin tuƙi mai kyau yana rage gajiya, yana ƙara nisan tafiya. Marar kyau yana cinye ƙarfin mutum a banza. Idan iska ta taso a tsakiyar ruwa, yana iya jawo asarar rai.

Sana'a mai tsohon tarihi

Tuƙin kwale-kwale ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, a inda yake jihar Yobe yanzu, sai ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai aka ga kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga itace guda. Tsawonsa ya fi mita 8, wato kamar ƙafa 27. Da aka auna shekarunsa, an samu ya kai wajen shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Tun wancan zamani mutanen wannan yanki suke tunanin yadda za su tura jirgi a kan ruwa ba tare da wahala mai yawa ba.

Me ke tura jirgi gaba?

Jirgi ba ya tafiya gaba sai an tura wani abu baya. Mai gwangwala ƙasa yake turawa. Mai filafili ruwa yake turawa. Farfelar inji ma ruwa take turawa, sai dai ita juyawa take yi.

Akwai bambanci tsakanin ƙasa da ruwa. Ƙasa ba ta gudu idan an tokare ta. Ruwa kuwa yana zillewa. Duk ruwan da ya zille ya yi kumfa da ƙara, ƙarfin matuƙi ne ya tafi a banza. Saboda haka dokar tuƙi guda ce: a tura ruwa mai yawa a hankali, ya fi a tura ruwa kaɗan da sauri. Wanda yake ta bugun ruwa da gaggawa, ruwa na fantsama, shi zai riga gajiya. Wanda yake nitsa filafili sosai, yana ja a natse, shi zai riga isa gaɓa.

Ƙarfin mutum nawa ne?

Ana auna ƙarfin inji da ƙarfin doki. Akwai injin jirgi mai ƙarfin doki 15, akwai mai 25, akwai mai 40. Mutum mai lafiya, idan zai yi aiki na awa biyu ko uku bai tsaya ba, ƙarfin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki guda ba. Ke nan injin mai doki 15 yana daidai da mutum 150.

Wannan lissafi yana da amfani. Inji yana da ƙarfin da zai yi ɓarna da shi. Mutum ba shi da shi. Abin da ya dace da inji bai dace da mutum ba. Manomi ya san haka a gona. Garmar da shanu ke ja ba ita ake ba mutum ya ja ba. Fartanyar babba kuma ba ita ake ba yaro ba. Haka abin tuƙi yake. Ana duba ƙarfin mai tuƙin, da nauyin jirgin, da irin ruwan, kafin a zaɓa.

Abubuwan tuƙi da ƙarfin mutum iri huɗu ne: gwangwala, da filafili guda, da filafili biyu masu maƙali, da farfela mai feda.

Gwangwala

Gwangwala ko doguwar gora ita ce abin tuƙi a ruwa marar zurfi. Matuƙi yana tsaye a bayan jirgi, ya kafa ta a ƙasa, ya tura. Tun da ƙasa ba ta zillewa, kusan dukkan ƙarfinsa yana tafiya ga jirgin. A bakin dam, da cikin ciyawa, da inda ake ɗora kaya masu nauyi, babu abin da ya fi ta.

Ga abin da za a duba wajen zaɓenta:

A zaɓi miƙaƙƙiya, wadda ta bushe sosai. Ɗanya tana da nauyi, tana kuma lanƙwashewa.

Tsawonta ya kai ƙafa 10 zuwa 14. Ya kamata ta ninka zurfin ruwan da za a shiga aƙalla sau biyu.

A duba kada a sami tsaguwa ko ramin ƙwaro. A jingina ta da ƙasa a danna ta da ƙarfi. Gara ta karye a tudu da ta karye a ruwa.

Kaurinta ya zama hannu yana iya zagaye ta. A kankare duk wani ƙulli da zai yanki hannu.

Idan ƙasan ruwan tsakuwa ce, maƙeri ya sa mata zoben ƙarfe a gindi don kada ta tsage. Idan taɓo ne, a ɗaura mata ɗan guntun katako ko reshe mai baki biyu, don kada ta nutse ta kafe.

Illar gwangwala ita ce, da zarar ruwa ya yi zurfi aikinta ya ƙare. Kuma idan ta kafe a taɓo, kada matuƙi ya ƙi sakinta. Mutane da yawa sun faɗa ruwa saboda riƙe gwangwalar da ta kafe jirgi kuma ya wuce. Don haka mai gwangwala ya riƙa ajiye filafili a cikin jirgi kullum.

Filafili guda

Filafili shi ne abin tuƙin da aka fi sani. Yana da sassa uku: mariƙi a sama, da sanda a tsakiya, da tafi, wato faffaɗan wurin da ke shiga ruwa.

Tsawo. Kowane mutum da nasa tsawon. Mutum ya tsaya, ya kafa filafilin a ƙasa a gabansa. Idan a zaune zai riƙa tuƙi, mariƙin ya zo tsakanin ƙirjinsa da haɓarsa. Idan a tsaye zai yi, ya kai tsawonsa ko ya ɗan fi. Filafilin da ya yi gajarta yana sa mutum sunkuyo, baya ya yi ciwo. Wanda ya yi tsawo yana sa a ɗaga hannu sama da kai, kafaɗa ta yi tsami.

Faɗin tafi. Ga babban mutum, faɗin inci 6 zuwa 8 ya isa, tsawon tafin kuma kamar kamu ɗaya. Tafi mai faɗi yana kama ruwa da yawa. Yana da kyau ga mai ƙarfi, da gajeriyar tafiya, da ruwa marar zurfi. Amma yana gajiyarwa. Tafi siriri dogo ya fi sauƙin ja. Shi ya dace da wanda zai yini a ruwa, da yaro, da dattijo. Kada a ce babban tafi shi ne gwaninta. Wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, rabin hanya zai tsaya.

Itace. Ana son itacen da yake da ƙwari, ba shi da nauyi sosai, kuma ruwa ba ya saurin cinsa. Maɗaci yana da kyau ƙwarai. Darbejiya ma tana yi, ga ta kuma ko'ina a ƙasar Gezawa, ƙwaro bai cika cinta ba. Ƙirya da marke suna da ƙarfi amma sun yi nauyi. Rimi ba shi da nauyi amma yana shan ruwa ya ruɓe da wuri. Wanda zai sayi katako a birni, kamar a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya zaɓi busasshe wanda bai karkace ba.

Jijiyar itace. Wannan shi ne abin da ake yawan mantawa. A duba zanen jijiyar itacen. Ya kamata ya tafi a miƙe tun daga mariƙi har ƙarshen tafi. Idan jijiyar ta gitta, ko akwai ƙulli a wuyan filafilin, wato inda sanda ta haɗu da tafi, nan zai karye. Filafilin da aka sassaƙa daga itace guda ya fi wanda aka haɗa da ƙusa. Ƙusa tana tsatsa, katakon ya tsage a wurin.

Nauyi. Filafili ya zama bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Matuƙi yakan ɗaga shi sau 30 ko fiye a minti guda. A awa ɗaya ya ɗaga shi sau 1,800 ke nan. Ɗan ƙarin nauyin da ba a ji a kasuwa, za a ji shi da la'asar.

Sanda da mariƙi. Kaurin sanda ya zama babban yatsa da manuniya suna haɗuwa idan an riƙe. Mariƙi ya zauna daidai a tafin hannu. A goge shi ya yi sumul don kada ya sa kanta ko bororo. Gefen tafin ya zama siriri, don ya shiga ruwa ba tare da fantsama ba.

Kulawa. Bayan aiki a ɗauraye shi, a jingine shi a inuwa. Rana tana tsaga katakon da ya jiƙe. A shafa wa tafin fenti mai mai. Kada a shafa baƙin man inji. Yana sa santsi a hannu, yana kuma ɓata ruwan da kifi ke ciki.

Filafili biyu masu maƙali

A waɗansu ƙasashe matuƙi yana amfani da dogayen filafilai biyu. Kowanne yana maƙale a gefen jirgi, a jikin wani ɗan ƙarfe ko turke. Matuƙin yana zaune a tsakiya, ya juya wa gaba baya, ya tokare ƙafafunsa, ya ja duka biyun tare. Amfanin wannan shi ne, baya da cinyoyi suna taya hannu aiki. Mutum ɗaya yana iya jan jirgi mai kaya da yawa, jirgin kuma yana tafiya a miƙe.

Amma sai jirgi mai faɗi, kamar ƙafa 4. Tsawon kowane filafili ya kusa ninka faɗin jirgin sau biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon, ko ɗan fiye da haka, yana cikin jirgi, sauran yana waje. Siririn kwale-kwale bai dace da wannan ba. Haka kuma wurin da ciyawa ta matse hanya.

Farfela mai feda

Ƙafar mutum ta fi hannunsa ƙarfi, ta kuma fi jure aiki. Duk mai keke ya san haka. Wannan ya sa waɗansu suka haɗa fedar keke da farfela. Mutum yana zaune a jirgi yana taka feda. Feda ta ja kaca, kaca ta juya giya, giya ta juya dogon ƙarfe, farfelar da ke ƙarshen ƙarfen ta tura ruwa baya. Hannuwansa biyu kuwa suna sake, yana iya jan koma ko gyara ƙugiya.

Dabarar ba ta yaɗu a ƙasar Hausa ba, amma an gwada ta sosai a waje. Waɗansu Turawan Ingila biyu, Jason Lewis da Steve Smith, sun taso daga ƙasar Fotugal a 1994 cikin jirgi mai feda. Sun ƙetare tekun Atilantika, suka isa birnin Miyami na Amurka a 1995, bayan kwana 111 a kan ruwa. Babu inji, babu mai, sai ƙafa.

Yawancin kayan haɗa ta akwai su a karkara: tsohon keke, da kaca, da boris, da bututun ƙarfe. Mai gyaran keke da mai walda suna iya haɗa su. Giyar da ke juya aikin daga kaca zuwa dogon ƙarfen, ana iya ciro ta daga mataccen injin yankan ƙarfe na hannu, irin na masu walda. Abin da ya fi wuya shi ne zaɓen farfelar kanta. A nan ne mutane suke yin kuskure.

Na farko, kada a ɗauko farfelar injin jirgi. Ita ƙarama ce, mai kauri, mai faffaɗan fiffike uku. An yi ta ne don ta juya sau dubu biyu ko fiye a minti. Ƙafar mutum ba za ta kai ta ko kusa da haka ba. Idan aka sa ta, za ta yi ta dama ruwa kamar ana dama kunu, jirgi kuwa yana jan ciki. Haka fankar ɗaki da fankar mota, su ma ba su dace ba. Don iska aka yi su.

Na biyu, girma. Farfelar mutum babba ce mai juyawa a hankali. Daga ƙarshen wannan fiffike zuwa ƙarshen wancan ya kai inci 14 zuwa 18. Dalili shi ne dokar nan ta farko: a tura ruwa mai yawa a hankali.

Na uku, fiffike. Biyu sun isa. Su zama dogaye, sirara, marasa kauri, kamar ganyen mangwaro. Faɗin kowanne bai wuce yatsu biyu ko uku ba. Ruwa yana goga a jikin fiffike yana riƙe shi. Idan fiffiken ya yi yawa ko ya yi faɗi, gogar ta yi yawa. A ƙasashen waje waɗansu sukan yi amfani da farfelar ƙananan jiragen sama na wasa, domin siffarta ta yi daidai da wannan.

Na huɗu, karkata. Fiffiken farfela a karkace yake, kamar zaren noti. Idan aka juya noti sau ɗaya, yakan matsa gaba kaɗan. Haka farfela take shiga ruwa. Nisan da za ta ci a juyi ɗaya shi ne awon karkatarta. Mai karkata da yawa tana cin nisa, amma tana da nauyin takawa. Mai karkata kaɗan tana da sauƙi, amma ba ta da sauri. Jirgi mai nauyi yana son karkata kaɗan. Siririn jirgi marar kaya yana son karkata da yawa.

Ga misali da lissafi. Mutum yana taka feda sau 60 a minti. An haɗa giya yadda farfela za ta juya sau 4 a kowane juyin feda. Farfela ta juya sau 240 ke nan a minti. Idan tana cin inci 20 a kowane juyi, an sami inci 4,800, wato ƙafa 400. Amma ruwa yana zillewa, sai a cire kamar kashi ɗaya cikin biyar. Saura ƙafa 320 a minti. A awa ɗaya ya kama kusan kilomita 6, wato mil uku da rabi. Wannan ya yi daidai da saurin mutum mai hanzari a ƙasa, kuma ana iya daɗewa ana yi.

Na biyar, murɗa. Fiffike mai kyau ba shimfiɗaɗɗe ba ne. A murɗe yake. Kusa da gindi karkatarsa tana da yawa, can ƙarshe kuma ta ragu. Dalili kuwa, ƙarshen fiffike ya fi gindinsa yin nisa a kowane juyi, kamar yadda bakin taya ya fi tsakiyarta zagaye. Idan aka yanko falle aka karkata shi bai ɗaya, wani sashe zai riƙa turawa, wani yana riƙewa.

Na shida, hannun juyi. Akwai farfela mai juyawa dama, akwai mai juyawa hagu. A gwada kafin a yi walda. Idan aka yi kuskure, mutum zai taka gaba jirgi ya yi baya. Juya fuskar farfelar ba ya gyara wannan. Sai an canja hannun juyin giyar ko an canja farfelar.

Na bakwai, zurfin ruwa. Dole farfela ta nutse duka. Ƙarshen fiffiken sama ya kasance ƙasa da fuskar ruwa da kamar yatsu huɗu ko fiye. In ba haka ba za ta ja iska, ta yi ta juyawa a banza. Ke nan tana bukatar ruwan da ya kai ƙafa biyu da rabi. A yi ƙarfen yadda za a iya ɗaga shi idan an zo gaɓa.

Na takwas, abin da aka yi ta da shi. Baƙin ƙarfe yana tsatsa. Alminiyam ya fi, ga shi ba nauyi. Masu zuba tukwanen alminiyam suna iya zuba ta idan an sassaƙa musu samfuri da katako. Bayan an zuba, a goge ta ta yi sumul. A rataya ta a ƙusa ta tsakiyarta. Idan fiffike ɗaya yana rinjaya ƙasa, a ƙara goge shi har su daidaita. Wajen ɗaura ta a ƙarfe, a sa 'yar ƙaramar ƙusa mai laushi ta riƙe ta. Idan ta bugi kututture, ƙusar ce za ta karye, farfela ta tsira.

Bayan an haɗa, sai gwaji a kusa da gaɓa. A ƙirga takun feda da agogo. Idan mutum yana nishi, bai kai taku 50 a minti ba, aikin ya yi nauyi. A sa ƙaramin faranti a wajen feda, ko a rage karkata. Idan ƙafa tana gudu fiye da 90 jirgi kuma ba ya sauri, aikin ya yi sako-sako. A sa babban faranti. Tsakanin 60 da 80 shi ne daidai. Kuma a tuna, farfela turawa kawai take yi. Sai an sa wani allo a bayan jirgi don juya shi dama ko hagu.

Babbar abokiyar gabar farfela ita ce ciyawa. Kachala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru, tana hana ta aiki gaba ɗaya. Haka gansakuka, da tsohon taru, da igiya. Kogin Jakara ta cikin birnin Kano yake bi, yana kwaso leda da tsumma ya kai dam. Leda guda idan ta naɗe fiffike, tafiya ta tsaya sai an cire. Saboda haka farfela ta buɗaɗɗen ruwa ce mai zurfi.

Jirgin kansa

Komai kyan abin tuƙi, jirgin ma yana da nasa. Dogon jirgi siriri ya fi gajere mai faɗi saurin ratsa ruwa. Gindin da ya yi gansakuka yana riƙe tafiya, a riƙa kankare shi. Ruwan da ya taru a ciki kaya ne da ake ɗauka ba lada, a kwashe shi, a toshe inda yake yoyo. A raba kaya daidai, kada gaba ko baya ya nutse.

Gaggawa kuma tana da tsada a ruwa. Wanda yake son ya ninka saurinsa sau biyu, sai ya ba da ƙarfi wajen ninki takwas. Gara a riƙe tafiya matsakaiciya, a ajiye sauran ƙarfi don lokacin da iska za ta taso.

Wanne ya dace da wa?

Mai aiki a bakin ruwa, da cikin ciyawa, da mai ɗaukar kayan lambu a wuri marar zurfi: gwangwala, da filafili a ajiye.

Masunci mai siririn kwale-kwale, mai shiga lungu-lungu: filafili guda, daidai tsawonsa.

Mai faffaɗan jirgi, mai kaya da yawa a buɗaɗɗen ruwa: filafili biyu masu maƙali.

Mai doguwar tafiya kullum a ruwa mai zurfi marar ciyawa: yana iya gwada farfela mai feda. Ya fi kyau ƙungiyar masunta ta haɗa kuɗi a yi guda ɗaya a gwada, kafin kowa ya sa kuɗinsa.

A tuna ruwan dam yana canjawa. Da kaka yana cike. Da bazara ya ja baya, kututturan da ya rufe su fito kusa. Abin da ya yi aiki a watan Oktoba ba lalle ya yi a watan Afrilu ba.

Rai ya fi kifi

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin ƙauyen Badau da garin Bagwai. Mutum 29 aƙalla suka rasu. Yawancinsu yara ne 'yan makarantar Islamiyya. Jirgin ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu. Idan jirgi ya yi lodi fiye da kima, babu abin tuƙin da zai cece shi.

Saboda haka a kiyaye waɗannan:

Kada a cika jirgi har ruwa ya kusa bakinsa. A bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin ruwa da bakin jirgi.

Kowane jirgi ya zama da filafili na biyu, a ɗaure da igiya. Mai farfela ma haka, domin kaca tana tsinkewa.

A ajiye ƙwarya ko roba ta kwashe ruwa.

Kowa ya sa rigar ruwa. Inda babu, a ɗaura jarkoki marasa komai, a rufe bakinsu sosai, a gefen jirgi.

Idan hadari ya haɗo daga gabas, a nufi gaɓa tun kafin iska ta iso. Kada a yi tafiyar dare.

Yaron da zai shiga sana'ar ya fara koyon iyo kafin a ba shi filafili. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai shiga ruwa bayan kaka, tun yanzu ya fito da filafilinsa ya duba wuyansa, ya danna gwangwalarsa a tudu, ya toshe jirginsa. Idan akwai wanda ya tsage, ya kai wa masassaƙi awon tsawonsa a yi masa sabo.